Darasi na 14: Girka Manhaja a Kwamfutar Hannu da Maganin Tangarɗarta

Ku sani, ya 'yan'uwa masu neman ilmi, maza da mata, cewa kwamfutar hannu, wato na'urar nan mai faɗin fuska wadda ta ɗara waya girma amma ba ta kai kwamfutar tebur ba, duk kyan gilashinta da tsadar kuɗinta ba ta tsinana wa mai ita komai sai da manhaja, wato jerin umarnin da masana suka rubuta domin su sanar da ita abin da za ta yi idan an taɓa nan, da abin da za ta yi idan an taɓa can. Manhaja kuwa iri biyu ce. Akwai babba, wadda take zuwa da na'urar tun daga masana'anta, ita ke kunna fuska, ta lura da batir, ta raba wa kowane aiki wurinsa. A galibin na'urorin da ke kasuwanninmu, irin su Samsung da Lenovo da Tecno da itel, sunanta Android, kuma a kanta za mu gina wannan darasi. Akwai kuma ƙanana, waɗanda mutum ke ƙarawa da hannunsa gwargwadon bukatarsa, kamar ta karatun Alƙur'ani, da ta aika saƙo, da ta banki, da ta lissafin ciniki.

A shekarar 2005, da kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fito da wata 'yar na'urar shiga intanet mai suna Nokia 770, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce megabait 64 ba, girka manhaja aikin ƙwararru ne, domin sau da yawa manhajar da mutum ya ɗauko takan ƙi zama, tana jiran wata manhajar da ta dogara a kanta, wadda ita ma sai an je an nemo ta a wani wuri dabam. Daga baya aka sauƙaƙa al'amarin: kasuwar manhajojin Android ta buɗe a 2008, aka sake mata suna zuwa Google Play a 2012, ga kuma iPad da Galaxy Tab sun bayyana a 2010, har aka kai ga yau yaro ƙarami yana girka manhaja da taɓawa ɗaya. Amma wannan sauƙi ya zo da nasa aibin, domin abin da ba a sha wahalar shigar da shi ba, ba a cika tsayawa a tambayi asalinsa ba.

Abin da ake dubawa kafin a girka

Farkon abin da ya wajaba mutum ya sani game da na'urarsa shi ne lambar Android ɗin da ke kanta. Ku shiga wurin saiti, mai alamar ƙafar inji mai haƙora, ku gangara ƙasa zuwa inda aka rubuta bayanin na'ura, za ku tarar da lamba kamar 9, ko 11, ko 13. Dalilin neman wannan lamba shi ne kowace manhaja tana da sharaɗinta, ba ta zama a kan Android ɗin da ya gaza wani haddi. WhatsApp, alal misali, tun watan Oktoba na 2023 ya daina aiki a kan duk na'urar da ba ta kai Android 5 ba, kuma babu wani mai gyara, komai gwanintarsa, da zai iya sauya wannan hukunci. Haka nan Android 14 yana ƙin karɓar manhajojin da suka tsufa ƙwarai. Saboda haka wanda zai sayi na'ura ta hannu, ya fara tambayar lambar nan kafin ya dubi kyan jikinta.

Sai kuma batun wuri, kuma a nan mutane da yawa ke cuɗa abu biyu. Akwai ma'adana, inda hotuna da bidiyo da manhajoji ke kwana ko da an kashe na'ura. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira ram, inda manhaja ke zama a lokacin da take aiki kaɗai. Idan an rubuta gigabait 32 a jikin kwali, ma'adana ake nufi, kuma ba dukkansa ne zai zo hannunku ba, domin babbar manhaja ta riga ta kama rabonta. Manhaja kuwa a lokacin girkawa tana bukatar fili fiye da girman da aka rubuta mata, tunda a ƙunshe take sauka, sai an warware ta sa'an nan ta zauna. Wanda ƙwaƙwalwar aikin na'urarsa gigabait 1 ce ko 2, abin da ya fi masa alheri shi ne ya nemi manhajoji marasa nauyi waɗanda aka yi musamman domin irin na'urarsa, kamar Facebook Lite da ya fito a 2015, maimakon ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta sa'an nan ya riƙa zarginta da nawa.

Girkawar kanta ba ta da tsawon bayani. A buɗe Play Store, wato kasuwar nan ta Google Play, a rubuta sunan manhaja a wurin bincike, a dubi sunan wanda ya yi ta a ƙarƙashin sunanta, a danna maɓallin girkawa sau ɗaya, a jira. Idan ta banki ce, lalle sunan bankin ya kasance shi ne a matsayin mai ita, domin akwai masu kwaikwayon tambari. Wanda ke tsimin data ya shiga saitin Play Store ya zaɓi kada a sabunta komai sai an sami waifai. Idan kuwa kun nemi Play Store sama da ƙasa kun rasa, kada ku ce na'urar ta lalace: na'urorin Fire na kamfanin Amazon da tasu kasuwar suke zuwa, haka ma na'urorin Huawei da aka ƙera bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019, tasu kasuwar sunanta AppGallery.

Abin da zan tsaya a kansa a nan shi ne asusun Google, wanda Play Store ba ya buɗewa sai da shi. Ya zama al'ada mutum ya sayi na'ura ya miƙa wa yaron shago ya buɗe masa asusu, yaron ya zaɓi kalmar sirri daga kansa, mai na'ura ya tafi gida bai san adireshin ba, bai san kalmar ba. Wannan sakaci ne mai tsada, za ku ga dalili a ƙarshen darasi. Ku sa a buɗe a gabanku, da lambar wayarku, ku rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, ku adana ta inda kuke adana takardun gida da na gona.

Asalin manhaja

Malamanmu na hadisi, irin su Imamu Bukhari da Imamu Muslim, Allah Ya yi musu rahama, ba su kasance suna karɓar magana don daɗinta ba, sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun san wane ne ya ji daga wane, sun auna amanar kowane mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa. Kuma wannan ladabi na tambayar ta hannun wa abu ya iso gare ka shi ne ainihin abin da ake bukata ga mai girka manhaja. Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya rubuta ta, hatimi na lissafi wanda ba a iya kwaikwayonsa, kuma na'ura ba ta yarda a ɗora sabon zubi a kan tsoho sai hatiman biyu sun dace. Idan wani ya buɗe manhaja ya cusa mata abin da ya ga dama, tilas hatimin asali ya faɗi, sai ya buga nasa. Ga Play Store kuma akwai mai gadi da ake kira Play Protect, wanda aka kafa a 2017, yana bincikar manhajoji. Ba ma'asumi ba ne, miyagu kan zille masa jefi-jefi, amma isnadin abin da ya fito ta hannunsa ya fi na abin da aka tsinta a hanya nesa ba kusa ba.

To, na san halin da muke ciki. Data tana da tsada, sabis yana yankewa a ƙauyuka, shi ya sa mutane ke tura wa juna manhaja ta Xender ko ta Bluetooth, ko su je shago a zuba musu. Irin wannan ƙunshi shi ake kira APK, kuma tun daga Android 8, na shekarar 2017, na'ura ba ta girka shi sai mai ita ya ba manhajar da ta kawo shi izini na musamman. Ban hana wannan hanya ɗungurungum ba, domin lalura ce ta kawo ta. Amma ina ganin wajibi ne a kiyaye haddi biyu: kada a taɓa karɓar manhajar banki ko ta duk abin da ya shafi kuɗi ta wannan hanya, komai amincin wanda ya turo, tunda shi ma bai san ta hannun wa ta biyo ba, kuma da zarar an gama girkawa a koma saiti a janye izinin nan, kada a bar ƙofa a buɗe. Game da jabun WhatsApp, irin wanda ake kira GB WhatsApp, wanda matasa ke so saboda ƙarin ado, ku sani ba kamfanin ne ya yi shi ba, ba wanda zai lamunce muku inda saƙonninku ke bi, kuma kamfanin ya sha faɗa cewa yana rufe lambar mai amfani da shi.

Akwai wata mas'ala da ke rikita masu turawa. Sai ka ga manhaja tana aiki lafiya a na'urar ɗan'uwanka, ya turo maka, taka ta ce ba ta girku ba. Sababin galibi ɗayan biyu ne. Ko dai akwai tsohon zubi a na'urarka mai hatimi dabam, sai ka cire shi tukuna. Ko kuma abin da aka turo guntu ne, domin tun watan Agusta na 2021 Google ya shar'anta wa sababbin manhajoji wani tsari wanda Play Store ke yanka wa kowace na'ura rabon da ya dace da injinta da fuskarta da harshenta, ta yadda abin da ke na'urar wani ba lalle ya cika ga taka ba. Maganin na biyun shi ne a sauke daga tushe.

Bayan an girka, manhaja za ta fara neman izini: ta ga hotuna, ta ji murya, ta san inda kake, ta karanta lambobin mutanenka. Tun Android 6, na 2015, mutum yana da ikon ya ba da wannan ya hana wancan, kuma ma'aunin a bayyane yake, wato a dubi aikin manhajar a dubi abin da take nema. Manhajar taswira tana da hujjar sanin inda kake. Manhajar tocila ba ta da wata hujjar karanta lambobin jama'a. Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu, domin lambobin da ke na'urarku amanar masu su ce. An ga yadda wasu manhajojin ba da rance a Najeriya suka kwashe lambobin masu cin bashi, suka riƙa aika wa surukai da maƙwabta da abokan aiki saƙonnin tozarci a kan bashin da bai taka kara ya karya ba, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta dira a kan wasunsu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen watan Mayu na 2023. Mutuncin da ya zube a wancan lokaci, taɓawa ɗaya ta ba da izini ce ta buɗe masa hanya.

Idan tangarɗa ta auku

Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa na'ura ana yin ta ne a cikin gyara, lokacin da rai ya ɓaci, mutum ya shiga danne-danne, ya goge wannan ya sauya wancan, har ya mance inda ya faro. Tartibin da nake so ku riƙe shi ne: ku karanta abin da na'ura ta rubuta kafin ku kore shi, in da Turanci ne ku ɗauki hotonsa ko ku kwafe shi a takarda domin wanda zai fassara muku, ku tambayi kanku me ya sauya tsakanin jiya da take lafiya da yau da ta ƙi, ku gwada magani ɗaya, ku duba, kafin ku gwada na biyu, domin wanda ya gwada uku a tare, ko ya dace, bai san wanne ya yi aiki ba, kuma ku fara da mafi sauƙi, wanda ba ya goge komai. Mafi sauƙin duka shi ne a kashe na'ura a sake kunnawa, abin da ke share ƙwaƙwalwar aiki ya bar ma'adana yadda take, kuma tangarɗa mai yawa a nan take ƙarewa.

Ɗauki misalin manhajar da ta tsaya a kan jira, awa guda ba ta sauka ba. A fara buɗe wani shafi na intanet domin a gane ko sabis ne ya yanke ko data ce ta ƙare. In wannan lafiya, a dubi kwanan wata da agogon na'ura. Mutane kan yi mamakin wannan, alhali hikimarsa a fili take: na'ura ba ta amincewa da wata kwamfuta a intanet sai ta ga takardar shaidarta, takardar kuwa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, to idan batir ya mutu ƙurmus agogo ya koma shekarun baya, sai na'ura ta ga kamar lokacin takardar bai zo ba, ta ƙi magana da Play Store. A saita agogo ya riƙa ɗaukar lokaci da kansa, shi ke nan. In ba agogo ba ne, a dubi ma'adana, kuma a nan galibi za a tarar bidiyoyin zaurukan WhatsApp ne suka cinye wurin, na wa'azi da na biki da na siyasa, waɗanda suka sauka da kansu ba wanda ya kalla. A goge su, a kuma hana su sauka sai an taɓa.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a shiga saiti, a nemi jerin manhajoji, a zaɓi wadda ke ba da wahala, a wannan misali Play Store kansa, a shiga sashen ma'adanarta. A nan za ku ga maɓalli biyu kusa da juna, kuma ina roƙonku ku bambance su da kyau. Ɗaya yana share tarkacen wucin gadi, wato guntayen hotuna da shafukan da manhaja ta ajiye domin ta yi sauri, kuma share su ba ya cutar da komai. Ɗayan yana share bayanan manhajar gaba ɗaya, ya mayar da ita kamar yau aka girka ta: sunanka ya fita, saitinka ya tafi, in WhatsApp ne kuma ba a yi ajiya a Google Drive ba, hirarrakin shekaru na iya salwanta. A fara da na farko. Ba a taɓa na biyu sai an tabbata an san kalmar sirri kuma an yi ajiya. Manhajar da ke rufe kanta da zarar an buɗe ta, ita ma haka ake bi da ita, a ƙara da sabunta ta, in ta ƙi a cire a sake girkawa.

Wani lokaci cutar ta game na'urar duka, tallace-tallace suna faɗowa ko ba a buɗe komai ba, batir yana zuba, data tana ƙarewa ba dalili. Zato mafi ƙarfi a nan shi ne wata manhaja da aka girka kwanan nan. Android yana da wani yanayi na kariya wanda a cikinsa na'ura ke tashi da manhajojin masana'anta kaɗai. A yawancin na'urori ana shigarsa ta hanyar danne maɓallin wuta, sa'an nan a ɗora yatsa a kan alamar kashewa a riƙe har ta tambaya. Idan cutar ta ɓace a wannan yanayi, hujja ta tabbata a kan baƙin manhajoji, sai a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, daga na baya-bayan nan. Na'urar da ta sandare kuwa, ba ta jin taɓi, a danne maɓallin wuta a riƙe. A Samsung ana haɗa shi da na rage murya fiye da daƙiƙa 7.

Kada a mance da zafi. Waɗannan na'urori an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai bazara takan haura 40, kuma na'ura idan ta yi zafi da gangan take rage gudu domin ta tsare injinta. Wanda ya bar ta a gaban mota da rana, ko yake kallo alhali tana caji a ƙarƙashin matashi, bai kamata ya nemi laifin a wurin manhaja ba. Idan kuwa bayanta ya kumbura ko gilashi ya fara ɗagowa, batir ne ya lalace, a daina caji nan take a kai wa mai gyara, domin yana iya kama wuta.

Magani na ƙarshe

Mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, da ɗan'uwansa da masu gyara ke kira fulashin, suna warkar da kusan duk cutar da ta shafi manhaja, amma suna tafiya da duk abin da ke ma'adana, hotunan 'ya'ya da takardun makaranta da lissafin bashi. Ba a zuwa nan sai an ƙure sauran hanyoyi, kuma sai an kwashe abin da ake so zuwa katin memori ko wata na'ura, an buɗe kwafin an ga lalle yana nan. Sa'an nan ga dalilin takardar nan da na ce ku adana: tun Android 5.1, na 2015, na'urar da aka goge ba tare da an fara cire asusun Google ba takan tashi tana neman asusun da ke kanta a da, kuma ba ta wucewa sai an kawo shi. An yi haka ne domin a kashe wa ɓarayi kasuwa, amma yana kama mai gaskiyar da bai san asusunsa ba. Don haka mai sayen ta hannu, a Farm Centre ta Kano ne ko a wata kasuwa, ya sa mai sayarwa ya cire asusunsa ya goge na'urar a gabansa, ya ga ta tashi ta karɓi sabon asusu, kafin ya biya. Wanda kuma zai bar na'ura a wurin mai gyara ya zare layinsa da katin memori, ya fita daga manhajar banki, ya kuma yi sharaɗi da shi a fili cewa kada a goge komai sai an sanar da shi.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuto a littafinsa lambar Android ɗin na'urarsa, ko ta wani na gidansu, da girman ma'adanarta da abin da ya rage a ciki. Sa'an nan ya girka manhajar rubutu ta Gboard daga Play Store, ya dubi sunan wanda ya yi ta kafin ya danna, ya ƙara Hausa a cikin harsunanta, ya rubuta jimla guda mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Daga ƙarshe ya zaɓi manhaja uku daga cikin waɗanda ke na'urar, ya duba izinin da kowace ta karɓa, ya zo aji mako mai zuwa da bayanin wanda ya bari da wanda ya janye, da hujjarsa a kan kowanne.